Gida Ɗaya, Tukunya Uku: Shaida a Kan Rayuwar Wani Dattijo

Dattijon da wannan shaida take a kansa ya riga mu gidan gaskiya. Ba za mu faɗi sunansa ba, ba kuma za mu faɗi sunan ƙauyensu ba. Malam ake ce masa a ikkilisiya, mu ma haka za mu kira shi. Bamaguje ne haifaffen kudancin Katsina, cikin ƙauyukan nan da ke warwatse tsakanin Malumfashi da Kafur. Su uku ne maza a wurin ubansu. Wansa ya musulunta, har daga baya ya sauke farali aka koma ce masa Alhaji. Malam ya bi Almasihu. Autansu kuwa ya tsaya a kan abin da ya gada har ranar da ya bar duniya. Mun zaɓi rayuwarsa ne domin kusan babu irin rabuwar da bangaskiyar Kirista take jawowa wadda ba ta ratsa ta cikin gidan nan ba.

Yesu bai ɓoye wa kowa wannan magana ba. A Luka 12:51-53 ya faɗa cewa zuwansa zai kawo rabuwa, mutum biyar a gida ɗaya za su kasu, uku a gefe, biyu a gefe, uba da ɗa, uwa da 'ya, suruka da matar ɗanta. Matiyu 10:34-36 ma haka, inda ya ce ba salama ya kawo ba, sai takobi. Masu wa'azi da yawa sukan karanta ayoyin nan su wuce, ba su faɗa wa sabon mai bi inda abin zai same shi ba. A gidan su Malam, a bakin rumbu ya fara, ya bi ta kan tukunya, ya shiga ɗakin aure, ya kai iyakar gona.

Sai mutum ya san gandu kafin ya gane nauyin abin da ya faru. A gidan Maguzawa na wancan zamani, uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, gona ɗaya suke nomawa tun safe har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Abin da aka girbe a gandu rumbun maigida yake shiga. Daga nan ake ciyar da gida da damina, a biya haraji, a yi wa saurayi auren fari. Gandu kuma ba ya tafiya sai da yanka. Kafin shuka, maigida yakan tsaya a gindin jigo, wato itacen tsafin gida, ko tsamiyar gida ya yanka wa iskokin gidan abin da suke so, jan zakara ga wannan, baƙar akuya ga waccan, a zuba jini, a zuba giya, a dafa naman kowa ya ci. Cin naman nan shi ne shaidar cewa kana cikin gida. Wanda ya ƙi ci, a ganin maigida, ya buɗe ƙofa ga fari da ciwo da mutuwar yara, kuma masifar ba a kansa kaɗai za ta tsaya ba.

Bishara ta daɗe ba ta kai ƙauyukan nan ba. Ƙungiyar mishan ta Sudan Interior Mission (SIM) ta iso ƙasar nan tun 1893, amma gwamnatin Turawa ta tsare mata hanyar shiga masarautun Arewa shekaru da yawa. Sai a shekarun 1930 ta samu ƙofa ta asibitocin kutare, Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Daga nan ɗakunan shan magani da masu bishara suka bazu cikin Maguzawa. A ɗaya gefen kuma, rangadin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya yi tsakanin 1963 da 1965 ya girgiza gidajen gargajiya da dama a Arewa. Wan Malam a wannan zamani ya musulunta, yana kai auduga Funtuwa, abokan cinikinsa duk Musulmi. Malam kuwa ta ajin karatun yamma ya shigo. Wani mai bishara ne yake koya wa samari boko a ƙarƙashin bishiya, littafin da suke gwada karatu da shi kuwa Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932. Ya ba da gaskiya a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Shekarar fari ce, kuma wannan ya ƙara wa lamarin zafi ƙwarai.

Ranar yankan shuka ta zo, aka dafa nama, tsohon ya miƙo masa nasa a akushi da hannunsa. Malam ya ce, "Baba, ka gafarce ni, wannan nama ba zan ci ba." Da ya tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma mai bisharar, shi ma yaro ne a lokacin, ya riga ya gaya masa cewa shaida ta gaskiya a gaban kowa ake yin ta. Sai Malam ya ƙara da cewa jigon nan itace ne kawai, abin da ake yanka wa kuma aljanu ne. Ƙannen tsohon suna zaune, matan gida suna ji. Tsohon ya ajiye akushin a ƙasa ya ce, "Ɗan nan, yayanka ma ya bar hanyata, amma in ranar ta zo fita yake yi. Bai taɓa tsinka ni a gaban jigo ba." Ruwa ya ɗauke a damina, dawa ta bushe a tsaye, kowa a gidan ya san wanda za a ɗora wa laifi.

Ƙin cin naman daidai ne, ba mu da shakka a kansa. Ayyukan Manzanni 15:29 da 1 Korintiyawa 10:20-21 ba su bar wata kafa ba, mai bi ba ya haɗa teburin Ubangiji da na wani. Wannan ita ce rabuwar da take fitowa daga cikin bangaskiyar kanta, ba kuwa yadda za a kauce mata. Tozarta uba a gaban ƙannensa kuwa ƙari ne da mutum ya yi da bakinsa. Malam ya riƙa faɗin haka da kansa har tsufansa, shi ya sa duk saurayin da ya tuba daga irin wannan gida, yakan zaunar da shi ya tsara masa yadda zai yi. Kada ya jira ranar yanka. Ya riga ta da mako guda ko biyu. Kada ya je shi kaɗai, ya nemi kawunsa ko aminin ubansa ya shige masa gaba. Ya je da dare, lokacin da babu idon jama'a, ya durƙusa, ya faɗi abu ɗaya ko biyu da ba zai ƙara yi ba, sannan ya lissafa duk abin da zai ci gaba da yi: noma, haraji, jinya, gaisuwar safe. Ranar yankan kuma ya yi sammako ya bar gida. Uba yakan iya haɗiye rashin ɗansa a wurin. Ƙi a bainar jama'a ne ba ya haɗiyuwa.

Bayan nama sai Lahadi. Daga Yuni zuwa Satumba akwai Lahadi wajen goma sha bakwai, kuma a cikinsu noman fari da maimai suke faɗowa, lokacin da kwana ɗaya na ciyawa yake iya cin gona. Ɗan gandu da ya ajiye fartanya duk Lahadi ya rage wa gida aikin fiye da mako biyu, alhali daga rumbu ɗaya ake auna masa. 'Yan'uwa ba su yi gardamar Asabar ko Lahadi ba, cewa suka yi yana cin guminsu. Aka ware shi daga gandu, aka yanka masa wani fako a bayan gari, ba taki ba shanu.

Nan giya ta shigo. Gayya a wurin Maguzawa da giya ake kiran ta. Wanda ba ya dafawa ba ya tara mutane, wanda ba ya sha kuma sannu a hankali a daina kiransa. Ga mata abin ya fi tsanani, domin dafa giyar dawa ita ce sana'ar da mace take samun kuɗin kanta ranar kasuwa, da ita take saya wa 'yarta kayan ɗaki. Uwargidan Malam ta bi mijinta ta fasa tukwanenta, kuɗinta kuma ya tsaya cak. Ikkilisiya ta yi wa'azi a kan maye, wa'azin kuma gaskiya ne, amma ba wanda ya tambayi matar da me za ta sayi gishiri. Mata da yawa a nan suka koma baya, aka ce bangaskiyarsu ce ba ta yi saiwa ba, alhali yunwa ce. Sai da masu bi suka kai gida biyar ko shida sannan suka kafa gayyarsu da tuwo da kunu, zumuntar mata kuma ta fara adashi, aka koma daddawa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Abin da Malam ya yi game da ubansa shi ne muka fi so matasa su ji. Duk da an ware shi, ran Asabar da yamma yakan bar fakonsa ya shiga gonar gandu ya yi noma har duhu, ba ya ce wa kowa komai. Da kaka kuma damin farko na dawarsa yakan ɗauka ya kai ƙofar tsohon. Shekarar farko aka dawo masa da shi. Ta biyu ma haka. A ta uku damin ya kwana a ƙofa, da safe aka ga an shigar da shi rumbu. Yakan ce umarnin girmama uba da uwa a Fitowa 20:12 bai ce sai in sun tuba ba, kuma 1 Timoti 5:8 ta kira wanda ba ya kula da danginsa mafi muni daga marar ba da gaskiya. Da ciwon ajali ya kama tsohon, a ɗakin Malam ya yi jinya wata huɗu. Bai tuba ba. Amma ya ci tuwon gidan.

Raunin da bai warke ba na aure ne. Malam yana da mata biyu sa'ad da ya ba da gaskiya, amaryar tana da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Dokar da mishan suka zo da ita ita ce ba a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma sai ya sallami sauran ya riƙe ta fari. Ba a ƙauyensu aka ƙirƙiro ta ba. Taron bishof-bishof na Anglikan a Lambeth, cikin birnin Landan, ya tsayar da irinta tun 1888, sai bayan shekara ɗari, a 1988, suka sassauta, suka ce a yi masa baftisma da matansa da 'ya'yansa muddin ba zai ƙara aure ba. Ikkilisiyoyi da yawa kuwa har yau suna kan tsohuwar: mai mata biyu ya zo sujada, ya ba da baiko, amma ba baftisma, ba jibin Ubangiji, ba kujerar dattijo. Malam ya gama ajin baftisma, ya ga waɗanda suka tuba a bayansa ana nutsar da su a rafi shi yana kan gaɓa. Ya daure shekara shida. Daga bisani ya sallami amaryar.

Ga abin da ya biyo baya, kuma kusan haka yake biyowa a ko'ina. Iyayenta suka ɗauki sakin a matsayin cin mutunci, domin ba ta yi laifin komai ba. Maganar mayar da dukiyar aure ta tashi, gidaje biyu da suka yi shekaru suna surukuta suka daina gaisawa. Ita kuma ba ta da wurin zama a ikkilisiya, domin ba mai bin da zai aure ta, sai ta auri wani Musulmi a cikin gari ta tafi da 'yar. Yaron ya zauna a hannun kishiyar uwarsa, ya tashi yana ganin coci a matsayin wurin da ya kori uwarsa. Yana kai shekara goma sha biyar ya gudu wurin baffansa Alhaji ya musulunta. A ganinmu wannan ba takobin da Yesu ya ambata ba ne, aikin hannunmu ne. An raba mace da mijinta, an raba 'ya'ya da uwarsu, don a cika sharaɗin shiga ruwa. Duk faston da irin wannan magana ta zo gabansa, kafin ya buɗe baki ya san amsar tambayoyi uku: wa zai ciyar da matar, a hannun wa 'ya'yan za su tashi, kuma ina za ta yi sujada ranar Lahadi mai zuwa. Malam ya yi dattijon ikkilisiya fiye da shekara ashirin, bai taɓa sa hannu a sallami wata mace ba.

Tsakaninsa da Alhaji ba a taɓa yin faɗa ba, amma akwai katangu, kuma sun san inda kowace take. Ta farko yanka. Ko da yake Suratul Ma'ida aya ta 5 ta halatta abincin Ma'abota Littafi, yawancin Musulmin ƙauye ba sa cin yankan Kirista. Malam bai tsaya jayayya ba. Duk Kirsimeti ɗan Alhaji yake kira ya yanka masa akuya, don a iya kai wa kowane gida. Da Babbar Salla kuma cinyar rago takan zo daga gidan Alhaji. Wasu masu bi sun ce naman layya hadaya ce, kada a ci. Malam ya ci, yana kafa hujja da 1 Korintiyawa 10:27, amma bai tilasta wa wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba. A watan Maris na 1987, da rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa ana ƙone majami'u, Alhaji ya ɗauko tabarmarsa ya kwana uku a zauren ƙanensa. Ce masa kawai ya yi, "Malam, shiga ciki ka kwanta. Wanda zai shigo, ni zai fara tsallakewa."

Katanga mafi wuya ita ce ta gado, kuma a nan ne iyalai da yawa suke tarwatsewa bayan an yi zaman lafiya shekara talatin. A fiƙihun Malikiyya bambancin addini yana hana gado ta kowane ɓangare: Musulmi ba ya gadon wanda ba Musulmi ba, wanda ba Musulmi ba kuma ba ya gadon Musulmi. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin canja addini, amma bai ce komai a kan yadda za a raba gonar uba ba. Malam ya san cewa ranar da ya mutu, ko 'yan'uwa sun ware wa ɗansa Musulmi kaso, malamai za su gaya masa ba gadonsa ba ne, in kuma ba a ware ba zai ce an sake korar sa kamar yadda aka kori uwarsa. Sai ya nemi shawarar wansa, ya bi ta hanyar kyauta. Kyauta tana halatta tsakanin Musulmi da wanda ba Musulmi ba, amma a Malikiyya ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓi abin ya riƙe shi tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In aka bari sai ciwon ajali, ta koma hukuncin wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya. Don haka ya kira mai unguwa, da shaidu biyu Musulmi, biyu Kirista, aka zaga gonar da ƙafa, aka dasa gamba a kan iyaka, aka rubuta takarda kowa ya sa hannu, aka ba kowane ɗaki kwafi. Ɗan ya noma gonar damina takwas uban yana gani. Kuskuren da aka fi yi shi ne uba ya faɗa da baki cewa gonar kaza ta wane ce, alhali shi yake ci gaba da nomanta. Irin wannan kyauta da shi take mutuwa.

Saura rabuwar da ta fi ba shi kunya, ta tsakanin masu bi da kansu. Ƙauyen da bai kai gida hamsin ba ya wayi gari da majami'a uku. Tushen abin ya girmi kowa a ƙauyen. Tun taron Lakwaja na 1910 ƙungiyoyin mishan suke zama su daidaita wa zai yi aiki a ina, kowace ta haifi ikkilisiyarta: ikkilisiyar ECWA ta fito daga SIM a 1954, ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan ta Sudan United Mission (SUM) suka haɗu a 1955 cikin tarayyar da yanzu ake kira TEKAN, ga Anglikan, ga Baftis, ga Katolika da nata tsari. Bamagujen da ya tuba bai zaɓi ɗarika ba, wanda ya fara isowa ƙauyensu shi ya bi. Amma bambancin yana taɓa rayuwa. Waɗannan suna yi wa jariri baftisma, waɗancan sai babba kuma sai an nutsar. Waɗannan sun hana giya ɗungum, waɗancan maye kawai suka hana, don haka wanda aka sa a horo a nan saboda ƙwarya ɗaya sai ya tsallaka can a karɓe shi. Daga baya samarin da suka dawo daga makarantu suka zo da addu'ar harsuna da azumin kwanaki, suna ce wa iyayensu ikkilisiyarsu ta mutu. Kafa Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya (CAN) a 1976 ya haɗa shugabanni a tebur ɗaya, amma bai hana maƙwabta biyu a ƙauye ɗaya ƙin ba juna aure ba.

A kan aure kuwa abin ya zo ƙofar Malam. 'Yarsa ta uwargida ta kawo saurayi ɗan wata majami'ar ta daban, yaro mai noma, mai kunya, ɗan gidan da suka sha wuya tare a zamanin fari. 'Yan'uwansa dattawa suka ce in ya ba da ita za a dakatar da shi. Ya buɗe 1 Korintiyawa 1:12-13 a gabansu, inda Bulus yake tsawata wa masu cewa ni na Bulus ne, ni na Afolos, ni na Kefas, ya tambaye su ko an raba Almasihu ne. Ya ce ya rabu da jigon ubansa saboda Yesu, ya rabu da matarsa saboda doka, ba zai raba 'yarsa da mai bi ɗan'uwanta saboda allon da ke ƙofar majami'a ba. Aka dakatar da shi wata shida. Duk Lahadi yana zuwa, yana zama a bencin baya inda masu horo suke zama, har wa'adin ya cika.

Auta ne ya fara rasuwa a cikinsu. Liman ba zai sallace shi ba, fasto ma ba shi da hurumi, tsofaffin da suka san yadda ake binne Bamaguje kuma saura biyu a ƙauyen. Alhaji da Malam suka sa 'ya'yansu suka haƙa kabarin tare, suka koma gefe suka bar tsofaffin nan suka yi abin da za su yi.

Ranar da aka binne Malam, samarin gidan Alhaji ne suka fara sara ƙasa tun asuba. Da aka fara waƙa da addu'a suka ja baya zuwa inuwar ɗorawa, da aka zo rufewa suka dawo suka karɓi shebur. Ɗansa Musulmi shi ya yanka sa da hannunsa, aka dafa a tukunya ɗaya, majami'u ukun nan da mutanen masallaci duk suka ci. Matar Auta ta dafa 'yar giyarta a bayan gida domin tsofaffinta, ba wanda ya ce mata kanzil. Amaryar da aka sallama tana nan da rai a cikin gari, ta tsufa ƙwarai. Ba ta zo ba. Ta aiko ɗanta da tiya biyu ta gero, ta ce a ba uwargida ta yi wa masu zaman makoki kunu.